Tuwon da Inna Ta Bar Mini

Ban taɓa zaton zan yi tsawon ran da zan ji an ce tuwo cuta ne ba. Amma ga shi na ji, kuma ba a bakin mahaukaci ba, a bakin matar ɗana, ita ma daga bakin likita ta ɗauko. Ɗan farina ne ba shi da lafiya, wanda ba na faɗin sunansa. Ciwon suga ne, ya daɗe yana shan magani, sai bana wani ɗan miki ya fito masa a babban yatsan ƙafa ya ƙi kamewa. An wanke, an ɗaure, an sake wankewa, har aka fara cewa in bai warke ba za a cire yatsan. In ya wuce yatsa ba a gaya mini abin da za a cire ba, amma na gane. Kulu, matarsa, ita ta taso daga Mafara har ƙauye ta durƙusa ta zayyana mini dokar da aka kafa masa. Tuwo ya koma kamar na ɗan yaye, shinkafa haka, burodi da lemon kwalba ya manta da su, fura ma a ɗaga mata ƙafa. Na ce to me zai ci? Wai ganye, ƙwai, kifi, nama in an samu, gyaɗa, nono ba sukari. Na ce mai fa? Ta ce an ce ba mai ne babban abin tsoronsa ba, man gyaɗa na gida ya ci, man shanu ma ɗan kaɗan ba laifi, in dai ba a mai da shi ruwan sha ba.

Na daɗe ina kallonta. Ni karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, wanda muka yi da girmanmu, amma ina da kunne, kuma abin da ya shiga ba ya fita. Masu fararen rigunan nan da bakinsu suka taɓa ce mana man shanu yana daskarewa a jijiyar mutum kamar yadda yake daskarewa a ƙwarya lokacin sanyi. A rediyo aka faɗa, a wajen awo aka maimaita. Muka bar shi, muka koma man jarka wanda ba a san gonar da ya fito ba. Yanzu kuma an waiwayo an ce a'a, hatsi ne mai laifi. Gobe me za a ce, ruwa? Har Kulu sai da na zarga a raina, Allah ya yafe mini, na ce ko tuƙin tuwo ne ya ishe ta. Na zargi masu kiwon kajin gidan gona, na ce wataƙila ƙwai ne ya yi musu kwantai suka haɗa baki da asibiti. Da ta tafi na zauna a ƙofar ɗaki, sai uwar mijina ta faɗo mini a rai, wadda muke kira Inna, sunan da ni ma yau ake kirana da shi.

Lokacin da aka kawo ni gidansu daga wajen Dosara, a wani ƙauye tsakanin Mafara da Bakura, in aka ce abinci to hatsi ake nufi. Sauran duk mahaɗi ne. Ba zakara ke tashe mu ba, sautin taɓarya ne, wannan gida ya buga wancan ya amsa, har ka iya gane wace ce ta makara. A surfa, a wanke, a sheƙe, a kai dutsen niƙa, guiwa a ƙasa har ta yi kanta. Da hantsi fura, da dare tuwon dawa, da safe ɗumame. Inna takan ce mutum ko rago ya cinye shi kaɗai, in bai sa tuwo a baki ba da yunwa ya kwana. Baƙo in ya zo aka ba shi nama ba fura, an wulaƙanta shi. Mara lafiya kuwa duk mai zuwa dubiya da ƙwaryar kunu ko fura yake zuwa, kuma sai ya kurɓa daga kowace, don mayar da ƙwarya yadda ta zo zagi ne. Mai kuma muna da namu iri biyu, kowanne mun san asalinsa. Inna tana da saniya da maraƙinta a wajen wani Bafulatani bayan gari, ana kawo mata nono ta kaɗa a gora, gorar tana ƙugi a cinyarta har man ya taso, ta toya shi da albasa, ƙamshin ya tsallake katanga ya kira maƙwabta. Na gyaɗa kuwa da hannunmu muke matsa shi, tunkuzar mu murza ƙuli-ƙuli. Yanzu sai ka shiga gida ka fita ba ka ji ƙamshin komai ba, sai ƙarar injin niƙa daga bakin titi.

Tun zuwana na tarar Inna ba ta da cikakkiyar lafiya, amma ba wanda ya san sunan ciwon. Ƙishirwa ce ba ta barinta. Butarta kullum tana gefe, ta shanye a cika, ta shanye a cika, bakinta kuma a bushe kamar ba ta sha ba. Fitsari ya hana ta sakat, ganinta ya yi dishi-dishi, zare a allura sai an sa mata. Da yake ni ce ƙaramar suruka, ni ke fitar da kaskonta da safe in zubar a bayan ɗaki. A nan na fara ganin abin da ya tsaya mini a rai. Duk inda na zubar, kafin rana ta ɗaga kiyashi sun yi layi, sun baibaye wurin kamar an zubar da zuma. Na duba inda sauran mutanen gida ke tsugunawa, babu. Ni kuwa Allah ya yi ni da tsoro da sa ido. Na ce wannan sammu ne, wani ya binne mata abu. Na tona wurin da tsinke ban ga komai ba. Ban gaya wa kowa ba, don amaryar da ta fara maganar sammu a gidan miji ita ake fara nunawa da yatsa.

Ina goyon ɗan farin nan aikin dam ɗin Bakolori ya iso gonakinmu. Da farko labari ne muke ji daga wajen Maradun, wai an tare gulbi, wai ruwa zai ci garuruwa. Sai ga katafila a gonar maigidana. Ban manta ƙararta ba, ƙasa tana rawa har cikin randa. Ta ture kukar da ake gane iyaka da ita, ta ture ɗorawa, ta baje kunya da gona ta mai da ko'ina fili ɗaya ja wur, har tsofaffi suka tsaya suna neman gonar ubansu ba su gane ta ba. Aka ce kada kowa ya yi shuka sai an gama gyara ƙasa an ja magudanan ruwa, in an gama za mu noma rani da damina mu gaji da ci. Damina ta sauka muna kallo. Abin da ya biyo baya tsakanin maza da hukuma ba shi na zauna faɗa ba, waɗanda suka gani sun san shi. Ni abin da na sani shi ne rumbu. Maigidana yakan shiga ta sama ya miƙo dami, sai ya zama in ya shiga ba a ganin ko hularsa, sai muryarsa ta dawo da amo kamar daga rijiya.

A nan tsorona ya sami abin ci. Kowace mace ta san nono daga kunu da fura yake zuwa, haka aka raine mu. Na ce in hatsi ya ƙare nonona zai ƙafe, in ya ƙafe yaron nan ya tafi. Na ɗaura masa zare a wuyan hannu, kullum ina juya shi in ji ko ya yi sako-sako. Ina taɓa maɗigarsa har wata kishiyar uwar mijina ta ce zan huda masa kai. In ya yi barci na ce yunwa ce ta sumar da shi, in ya yi kuka na ce bai ƙoshi ba. Aka koma tuwo sau ɗaya a yini, malmala ɗaya ga kowane babba. Wata rana da la'asar na kai wa Inna akushinta, ta buɗe, ta duba, ta turo mini shi da ƙafar ludayi.

"Ɗauki ki ci, ɗiyata."

Na ce, "Inna, na ci nawa."

"Na ga naki. Wanga na yaron ne, ba naki ba. Ke hanya ce kawai."

Na ce ai sai a ce na cinye abincin tsohuwa. Ta ce duk wanda ya faɗa in turo mata shi ta ji ko shi zai shayar da jikanta. Tun daga ranar ba ta ƙara sa hatsi a baki ba, sai ɗan abin da ba a rasa ba ran Juma'a. Tuwonta nawa, furarta tawa. Ita kuwa ta koma ga abin da muke kira abincin yunwa. Zogalen bayan gida, tafasa da ta fito a filin da aka hana mu shukawa, rama, yaɗiya, a dafa a matse a kwaɗa da ƙuli-ƙuli, ta zuba man shanu ya ji. Nonon saniyarta ta sha shi tsurarsa. Ga kifi kuma, don ruwan da aka tare ya kawo tarwaɗa har talaka ya gaji da ita. Na sa mata ido kamar yadda na sa wa ɗana, ina jiran ranar da za ta faɗi a ce ni na kashe ta.

Ba ta faɗi ba. Kwanakin farko dai ta yi laushi, ta yi ta ƙorafin jiri da ciwon kai, ta ce cikinta kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Bayan nan sai na lura butar tana kai wa azahar ba a sake cika ta ba. Kaskon da nake ɗauka da hannu biyu ya koma na hannu ɗaya. Ta rame, gaskiya ne, zanenta sai da ta ƙara masa ɗauri, amma ramar ba ta ciwo ba ce. Wata rana na shigo na same ta ta sa zare a allura da kanta tana ɗinke wa yaron hula. Aka yi suna a Garbadu ta ce za ta, ta kuwa tafi da ƙafarta ta dawo tana ba da labarin wadda ta yi rowar goro. Ni kuma kowace safiya in na zubar da kasko sai in koma in duba. Kiyashi suka ragu, suka ragu, ran nan na tsuguna har ƙafata ta yi sanyi ban ga ko ɗaya ba. Daɗi ya sa na kasa riƙewa, na je na gaya mata duka, har tonon da na yi da tsinke. Ta yi dariya har da tari.

"Mi kike so su zo yi? Su ma sun san gidan da babu hatsi."

Da aka saki gonaki duniya ta canza kama. Ruwa ya zo ta magudana, aka ce shinkafa za a noma da alkama. Maigidana ya sami aikin lebura a wajen gyaran magudanan, ya fara shigowa da abubuwan da da sai a gidan mai gari. Burodi, ganyen shayi, sukari mai ƙwaya, madarar gwangwani. Mutum ne mai son uwarsa, kuma abin da ya gani ya ci masa rai. Ya tara mu ya ce uwarsa ta ci ganye yana kallo kamar akuya, ba za ta ƙara ba in dai yana numfashi. Kada ya sake ganin kwaɗo a akushinta. Da safe shayi mai kauri da burodi, da hantsi fura a zuba sukari har ludayi ya ji, da dare tuwon shinkafa fari tas, wanda maƙwabta za su gani su san an fita kunya. A daidai lokacin ne kuma wani malamin asibiti ya ce masa tsofaffi su guji man shanu, sai aka ɗauke ƙwaryar man daga ɗakinta aka kawo na kanti. Duk unguwa ana sa masa albarka. Inna ma tana sa masa, tana ci, don wa zai ture hannun ɗansa?

Ba a jima ba buta ta dawo gefenta. Na je bayan ɗaki na sami kiyashin, layinsu ya fi na da. Na yi kwanaki ina juya maganar, sannan na sami maigidan shi kaɗai na durƙusa na ce, Malam, ni fa na ga kamar Inna ta fi lafiya lokacin da take cin ganyen nan. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce wato in mai da uwata ga yunwa don ki sami na ƙari? Bakin da ya cinye tuwonta ne yake faɗin haka? Ban ƙara ba. Me zan ce, kiyashi ne shaiduna? Mutane kuma kowa da nasa zargin. Wasu suka ce ruwan dam ne ba ya karɓar tsofaffi, wasu suka ce sauron shinkafa, wasu suka ce iskokin kukar da aka ture ne suka rasa gida. Ni ma na bi su ina zargi, yau wannan gobe wancan. Ƙaya ce ta soke ta a tafin ƙafa, ƙaramar ƙaya, wurin ya ƙi kamewa. Masu dubiya suna ta zuwa da ƙore, tana kurɓa daga kowace don kada a ji haushi. Kafin kaka muka rasa ta.

Na binne wannan a raina shekara da shekaru. In na tuna sai in ce yarinta ce, idon mai goyo yana ganin abin da babu. Shi ya sa ko da Kulu ta zo da maganarta, Inna ta faɗo mini, ban yarda na haɗa biyun ba. Na ce ai sukarin kanti ne ya ci Inna, ba hatsin Allah ba. Ɗana yana kwance an hana shi abinci, ni uwarsa ina zaune? Na sa aka surfa geron gonarmu, na dafa fura na kirɓa da hannuna, ban sa sukari ko ƙwaya ɗaya ba. Ran kasuwar Mafara na shiga mota da ƙwaryata a cinya.

Kulu ta tare ni a tsakar gida, muka gaisa, ta tambayi gajiya, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi awaki, amma idonta yana kan faifan da na rufe ƙwarya da shi. Yarinya ce mai tarbiyya, ba za ta ce wa uwar miji mayar da abinki ba. Ita da kanta ta kawo nono da ludayi na dama. Ɗan nawa yana kishingiɗe a kan tabarma, ƙafar a naɗe bisa matashi, ya yi furfura har ya fi ubansa. Na ajiye masa ƙwaryar ban dube shi ba, yadda na saba, na ce wa bango ga abin taɓawa nan. Sannan na ɗauki buta na zagaya don azahar ta gabato.

A bakin makewayi akwai wani ɗan bokitin roba na fitsari da Kulu ke ajiye masa saboda ƙafar, an zubar an kife shi. Ban yi niyyar dubawa ba, idon ne ya saba. Suna nan. Layi ɗaya siriri daga gindin katanga zuwa bakin bokitin, wasu na tafiya wasu na dawowa, kamar jiya na bar su a bayan ɗakin Inna. Na tsaya da buta a hannu ina bin layin da ido.

Da na dawo ya riga ya tashi zaune, ya ɗora ƙwaryar a cinya. Kulu tana tsaye a bakin ƙofa ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Ya san dokar da aka kafa masa sarai. Amma furar uwarsa ce, zai shanye ta tas ya yi godiya, ko da ƙafar za ta tafi. Ya yi bisimilla ya ɗago ludayi. Ni da tun yana tsumma ban taɓa kallon tsakiyar idonsa na yi masa magana a gaban mutane ba, na ji bakina ya ce, "Kai, aje."

Ya tsaya da ludayin a sama. "Inna, ke kika dama."

"Ni na dama, ni na ce aje. Kulu, ɗauki ki kai maƙwabta. Akwai zogale a gidan nan?"

Akwai, a bayan ɗakin girki, ba mai kula shi sai awaki. Na tsige da kaina, na dafa, na matse. Aka sayo ƙuli-ƙuli na daka, na yanka albasa, na sa aka nemo man shanu wajen matan Fulani a kasuwa, na shinshina na tabbatar ba a haɗa shi da komai ba, na toya na zuba ɗan daidai. Ƙamshin da ya tashi sai da na koma gefe na share ido da bakin zane.

Har yau ina Mafara, ban koma ƙauye ba. Kada a ce na yarda da likitoci, ban yarda ba. Wanda ya ce maka gabas jiya yau ya ce yamma, sai ka riƙa bin sa da ido. Maganinsu dai yana sha, ni ke tuna masa, ana kuma kai shi wankin ƙafa. Suna da wata 'yar na'ura da Kulu ke soka masa a yatsa ta karanta lamba. Ni ban san lamba ba. Da safe nakan zagaya bakin makewayi in tsuguna in duba. Ba su ƙare ba, amma layin ya yi ƙaranci, mikin kuma ya fara jan baki, an daina maganar wuƙa, an ce a ƙara gani. Masu dubiya in sun zo da ƙore ni ke tare su a zaure, in karɓa in sa albarka, in ce barci yake. An fara cewa tsohuwar nan ta cika baƙin hali. Su faɗa.

Shekaranjiya na kai masa akushi ya buɗe ya ga ganye da kifi, ya yi tsaki a hankali. Ya ce wa Kulu, don ni in ji, wai shi fa rabonsa da ƙoshi tun ranar da aka raba shi da tuwo, mutum da gonarsa da rumbunsa a mai da shi akuya. Na ji muryar ubansa sak. Na juya masa baya yadda ya kamata, na ce wa Kulu ta gaya masa, tuwon kakarsa shi ya shanye shi a nono tun bai san kansa ba. Yanzu saura ganyenta, ya ci.